Tun da Ta Karye, da Hagu Take Miƙa wa Manya Abu

Zuwa ga Goggo Hure,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, domin maganar da na kawo miki tana da wa'adi. Da an gama roron gyaɗa za a zartar da hukunci a kanta, ni kuwa ba ni da bakin magana a inda za a zartar da shi.

Ni malamar firamare ce a Gaya. Na yi makarantar 'yan mata a Kano tun lokacin da mutanen ƙasarmu ke ganin abin kunya ne mace ta riƙe alƙalami. Ban faɗi haka don alfahari ba, sai don ki san ba duhun kai ne ya sa na rasa abin yi ba. Maigidana malamin gona ne, a Ajingi yake aiki, sai ƙarshen mako yake dawowa gida. 'Ya'yanmu biyar, kuma duk Gaya an san ba na wasa da tarbiyya. Yaron da ya shigo gidana bai gaishe ni ba, waje zai koma ya sake shigowa, ko ɗan wane ne.

Maganar a kan babbarsu ce, 'yar farina. Ba zan rubuta sunanta ba, don ban taɓa kiransa da bakina ba. Kin san al'adarmu game da ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa, ba a nuna damuwa da shi a gaban mutane. Tun yaye kakarta, uwar mijina, ta ɗauke ta zuwa Gafasa, sai da ta isa shiga makaranta ta dawo hannuna. Yaya take ce mini, ni kuma in ce mata "ke". Yanzu tana aji biyu a makarantar kwana a Kano. Yarinya ce mai kyan rubutu. Ni na koya mata, da rula a hannuna, kuma ban yi da-na-sani ba.

A hutun bazara ta je Gafasa taya kakarta aiki. Ta zame a taɓon bakin rijiya da tulu a ka, ta dafa ƙasa da hannun dama, wuyan hannun ya karye. Kafin labari ya iso Gaya an riga an kai ta wurin Maiwada maɗori, ya ja ƙashin ya ɗaure da kara da tsumma. Ba zan zagi Maiwada ba. Shi ya ɗora wa ƙanena ƙafa, ga shi nan yana noma har yau. Amma ya matse ɗaurin ƙwarai. Da muka je dubiya na ga yatsun sun kumbura kamar rogo, tana ta hawaye. Kakarta ta ce ai ɗori sai da zafi. Ni dai na gaida surukata, na ajiye abin da na kawo, na zauna daga bakin ƙofa. Me zan ce? Da aka kwance, ƙashi ya kama, sai ɗan tudu da ya rage a wuyan hannun. Muka gode wa Allah, ta koma makaranta.

Da ta dawo dogon hutu sai na ga an sauya mini yarinya. Rubutun nan da nake tinƙaho da shi ya koma kamar kaza ta yi tono. Allura faɗuwa take daga hannunta, haka cokali. Ta fasa mini farantin tangaran guda biyu daga cikin kayan ɗakina. Abin da ya fi ɓata mini rai, ta koma yin komai da hagu, har cin tuwo. Ƙannenta suka sa mata Bahaguwa, ita kuwa sai dariya.

Rannan Malam Datti, yayan ubanta, ya zo daga Ajingi. Malami ne mai almajirai, kuma shi ne babba a dangin. Ta durƙusa ta miƙa masa ƙwaryar ruwa da hannun hagu. Bai karɓa ba. Ya dube ni ya ce, "Malama, bokon ce ta koya mata wannan ko ke?" Goggo, na so ƙasa ta tsage in shige. Ni da nake hukunta 'ya'yan mutane a kan irin wannan, sai ga shi a cikin gidana.

Daga ranar na ɗauki mataki. Idan za a ci abinci sai in ɗaure mata hannun hagu da ɗankwali a ƙugu, kamar yadda ake yi wa yaro bahago. Na sa ta daka, na sa ta wanki da matsa, ina sa ta gasa hannun da ruwan zafi da man kaɗanya, don a ganina hannun da aka lallaɓa ba ya tashi. Kullum maganarta ɗaya ce, "Yaya, ba na jin su." Wai babban yatsa da manuni da na tsakiya sun mutu, wani lokaci kuma kamar ana tsira musu allura. Na ce to, bari in gwada ki. Na sa ta rufe ido na mintsini ƙaramin yatsan, sai ta zabura. Na ce to ga ƙaryarki nan. Hannu ɗaya, karaya ɗaya, ta yaya yatsu uku za su mutu ƙaraminsu yana raye? Ciwo yana da ido ne da zai zaɓa? Ga shi kuma da safe za ta ce zogi ya hana ta barci, sai ta yi ta yarfa hannun kafin ya lafa, amma da rana in ƙawayenta sun zo hira ba ka jin ko uffan game da ciwo. Na yi shekaru ina koyarwa, na san yaron da ke ƙirƙiro ciwon ciki ranar lissafi. 'Ya'yan yanzu kuwa da sun ɗanɗana makarantar kwana sai su ga taɓarya ta yi musu nauyi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka aka yi mana, ba mu kuwa lalace ba.

Abin da ya sa na ɗauki takarda ya faru ne makon jiya da la'asar. Ina zaune a tsakar gida ina duba littattafan 'yan ajina, na ce ta sauke miya daga murhu. Ta kai hagu, ta ga ina kallonta, sai ta janye ta kai dama. Ta ɗauki murfin tukunyar ƙarfen nan da yatsu uku, ba tsumma, ta riƙe shi tana leƙa miyar, hankalinta kwance. Ƙanwarta Fadima ce ta yi ihu. Kan ka ce haka fatar yatsun ta ɗuri ruwa. Ita kuwa kallonsu take kamar yatsun wani.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na kama hannun na tsoma a ruwan randa, ina yi ina faɗa, ina cewa ba ki da ido ne, ko sai kin kashe ni za ki huta. Rabona da riƙe hannun nan haka tun tana goye. Da na juya tafin sai na ga tudun naman da ke gindin babban yatsa ya shanye, ya yi rami kamar an kwashe da cokali. Na haɗa shi da na hagu, bambancin a fili yake. Ina shafa mata magani sai ta yi murmushi ta ce, "Yaya, ashe hannunki da laushi." Na ce ta rufe mini baki. Na shiga ɗaki na daɗe ban fito ba.

Ban ƙara ɗaure mata hagun ba, amma ban ce mata komai ba. Har yanzu wata zuciyar tana ce mini akwai shagwaɓa a ciki. Sai dai mutum ba ya ƙona kansa don gudun daka, nama kuma ba ya shanyewa don ƙarya.

Ga inda matsalar take. An koma makaranta, ita tana gida, ubanta ya ce sai an san matsayin hannun. Kakarta ta ce iskar rijiyar nan ce, an yi mata rubutu ta sha, ba ni da ja a kan wannan. Maiwada ya duba ya ce ƙashin ne ya kama a karkace, a kawo ta ya sake karya shi ya ɗora sabo. Malam Datti ya amince, ya ce da an kammala aikin gona a kai ta Gafasa. Na yi wa maigidana zancen asibiti a kaikaice, ya ce yayansa ya riga ya yi magana. Kuma yana tsoro, don akwai wani Bala a Ajingi da mota ta danne wa hannu, aka kai shi Kano ya dawo da dungu. Tun daga nan mutanen wajen suka ce asibiti yanka kawai suka sani. Ƙanwar maigidana Hansai, goggon yarinyar, ita kaɗai na ji ta ce a sake tunani, amma ita ma da ta ga fuskar Malam sai ta ja bakinta.

Ni ko tunanin a sake karya ƙashin nan ba na iya yi. Amma in na tashi tsaye na ce ban yarda ba, za a ce Malama ta zubar da kunya, tana rawar jiki a kan 'yar fari, boko ta cinye ta. Shekara da shekaru ina kiyaye wannan mutunci, surukata ba ta taɓa kama ni da rashin kunya ba.

Ki gaya mini gaskiya, Goggo. Akwai ciwon da ke zaɓen yatsu? In akwai, ina maganinsa yake, Gafasa ko Kano? Ta yaya zan yi magana ba tare da na ci mutuncin manya ba? Kada dai ki ce in bar ta ta zama mai miƙa wa manya abu da hagu, don wannan ba zan iya gani ba. Kuma ki sakaya sunana.

Uwa mai damuwa,
Gaya

Amsar Goggo Hure

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba 'yarki lafiya. Na kai takardarki wurin wani likita da na saba tambaya, ya karanta ta tsaf. Ga abin da na samo miki.

'Yarki gaskiya take faɗa. Akwai wata jijiya da ke saukowa daga dantse ta bi ta wani ɗan matsattsen lungu a wuyan hannu kafin ta shiga tafi. Ita ke kai ji ga babban yatsa da manuni da na tsakiya da rabin na kusa da shi. Ƙaramin yatsa jijiyarsa daban ce, hanyarta ma daban. Idan wuyan hannu ya karye, kumburi ko ɗauri mai tsanani ko ƙashin da ya kama a karkace kan ƙara matse lungun, sai jijiyar ta shaƙe. Kin san yadda ƙafa ke mutuwa in mutum ya daɗe zaune a kanta. Shi da ya gyara zama sai ta farfaɗo, ita kuwa 'yarki abin da ya danne tata jijiyar ba ya ɗagawa. Don haka gwajin da kika yi, shi ne ma shaidarta. Yarinyar da ke son gudun aiki cewa za ta yi duk hannun ya mutu. Zogin da ke hana barci, yarfa hannu, faɗuwar allura, duk likitan ya ce haka ciwon yake.

Abin da ya fi tsayawa a kai shi ne ramin nan na gindin babban yatsa. Ya ce alama ce jijiyar ta daɗe a matse, kuma in aka ci gaba da jinkiri tana iya kai wa inda ba ta dawowa. Ba zai yanke hukunci daga takarda ba, sai an ga yarinyar an ɗauki hoton ƙashin. Akwai asibitin ƙashi a Kano, can ya dace a kai ta, a wannan makon in da hali. Kada a jira roron gyaɗa. Wani akan sa masa abin da zai tallafe wuyan hannun ya huta, wani kuma sai an yi masa ɗan ƙaramin aiki an buɗe lungun. Hannun Bala mota ce ta niƙa shi, nata kuwa yana nan da jininsa da motsinsa, babu dalilin yanke shi. Ban yi miki alkawarin komai zai dawo kamar da ba. Ji yakan dawo a hankali, cikin watanni, kuma wanda ya je da wuri ya fi samun rabo.

Kafin nan, a daina daka da matsar wanki. A daina gashi da ruwan zafi, tunda ba ta jin zafin za a iya dafa mata fata ba ku sani ba. A nisanta ta da murhu. Ƙunar a kai ta ɗakin shan magani na Gaya a wanke a rufe. Sake karya ƙashi ba tare da hoto ba, da ɗauri irin na farko, shi ne abin da likitan ya ce a guje wa ko ta halin ƙaƙa.

Ba na ganin laifin Maiwada yadda wasu za su gani. Ya yi abin da ya gada, ƙashi kuma ya kama. Jijiya ce ba a gani da ido ko a laluba da hannu. Kakar yarinya da Malam Datti su ma neman lafiyarta suke. Ke ma haka, kuma da ba ki da ido a kanta da ba wanda ya lura da wannan rami. Amma zan gaya miki abin da ba za ki so ji ba. Murfin nan ta ɗauke shi da dama ne don tana tsoron idonki fiye da wuta. Tarbiyyar da kika ba ta ta kama, har ta wuce inda kike so. Ki kira ta ɗaki, ku biyu, ki ce mata kin yarda da maganarta. Ba sai kin yi dogon bayani ba. Yarinyar da ta yi watanni ana ƙaryata ta, wannan kalma ɗaya za ta sauke mata kaya mai nauyi.

Game da hagu, ban ce ki bar ta ta saba ba. Amma lalura daban, rashin ladabi daban, kuma malamai sun san hukuncin mai uzuri. Ki bar ta ta ci da hannun da ke iya kai loma baki. In za ta miƙa wa babba abu, ta haɗa hannu biyu, ta ce a gafarce ta hannunta ba lafiya. Babu dattijon da zai ƙi karɓa.

Saura maganar kunya. Kunyar ɗan fari ado ce, ni ma na yi ta, amma iyayenmu ba su kafa ta don yaro ya nakasa ba. Kuma ba sai kin fita zaure kin yi jayayya da kowa ba. Tsakaninki da mijinki a cikin ɗaki babu wannan kunya. Ki daina yi masa zance a kaikaice. Ki kira yarinyar, ki buɗe masa tafukan nan biyu ya gani da idonsa, ki karanta masa wannan amsa. Sannan ki je wurin Hansai. Ita goggo ce, tana da ikon da ba ki da shi a kan 'yar ɗan'uwanta, abin da ta rasa kawai wanda zai tsaya a bayanta. Su biyu su je wa Malam Datti da ladabi. Kada su ce masa ya yi kuskure. Su roƙe shi izinin a ɗauki hoto tukuna kafin a taɓa ƙashin, tunda yanzu ga ƙuna ta shigo ciki. Babba in aka ba shi girmansa, da bakinsa zai ce a tafi. Kakar ma a gayyace ta cikin tafiyar, ita ta rene ta, kada ta ji an ƙwace mata jika. Ki kuma rubuta wa shugabar makarantarsu halin da ake ciki don a riƙe mata gurbinta.

In duk an bi wannan hanya aka ce a'a, to ki nemi iznin mijinki, ki ɗauki 'yarki ku shiga motar Kano. Za a yi surutu, surutun kuma zai wuce. Ita da hannun nan za ta yi rubutu, ta yi girki, ta ɗauki nata 'ya'yan.

Ranar da za a shiga da ita wurin likita, kada ki zauna a waje. Ki shiga. Babu wanda ya san tarihin ciwon nan kamarki, ki zayyana masa duk abin da kika zayyana mini, har mintsinin. Ita kuma yarinya ce, za ta tsorata da ganin na'urori da fararen riguna, ganinki kusa zai kwantar mata da hankali.

Allah ya sa a dace da magani, ya mayar mata da hannunta, ya bar ku tare cikin alheri. Ki gaishe mini da ita da jiki.

Taki,
Goggo Hure